Sanobar, Baƙuwa a Gonar da ta Dasa

Idan mutanen ƙauyen suka ga Sanobar ta tsaya cak da bokiti a hannu, ta zuba wa sararin sama ido, ba sa damun ta. Sukan ce ta tafi Margilan, yanzu za ta dawo. Haka take tun tana amarya, haka ta tsufa. Takan sa madara a wuta ta manta, sai ƙauri ya dawo da ita.

A Margilan ɗin aka haife ta, a unguwar marina. Ubanta, Usta Holmat, ɗaure zaren siliki yake yi gaɓa-gaɓa ya rina, irin wanda in an saƙa shi launukan ke narkewa cikin juna kamar gajimare ya faɗa kududdufi. Da ɓawon rumman yake samun ruwan ɗorawa, da saiwar wata ciyawa yake samun ja, shuɗi kuwa sai baba. Sanobar ta tashi hannuwanta ba su taɓa kwana da launi ɗaya ba. Abin da ta fi so tana yarinya shi ne ta kwanta a tsakar gida ƙarƙashin zaruruwan da aka shanya, iska tana kaɗa su, rana tana ratsowa tana zuba mata ja da kore a fuska, har sai uwarta ta kira ta ta gaji, ta zo ta ɗaga ta da kunne.

Ergesh kuwa, mutumin da ya aure ta, direban babbar mota ne, ɗan ƙabilar Kirgiz, yarensu daban da nata, dogo mai yawan dariya. Shi ke kawo wa unguwar kwal daga Kizil-Kiya don hura tukwanen rini. Ranar da ya fara ganin ta, ya sayi ɗan kwali ya ce na ƙanwarsa ne. Da ya dawo ya sayi wani, ya ce na wata ƙanwar ne. Haka ya yi ta yi, ko an yi odar kwal ko ba a yi ba, har ranar da Usta Holmat ya ajiye muciyar rini ya ce masa, ko dai gidansu makarantar 'yan mata ce, ko kuma ya turo manyansa a yi magana. Manya suka zo da rago da gurasa, aka yi magana.

Da ita da sundukinta da katifunta aka hau da su cikin motar kwal ɗin, an wanke ta tas, zuwa wani ƙauye da ke bisa Kadamjai, inda duwatsu ke sanye da farar hular ƙanƙara har tsakiyar bazara. A lokacin ƙauyen da Margilan duk cikin babbar ƙasa ɗaya suke, ba iyaka a tsakaninsu. In ta yi marmarin gida sai ta hau bas da safe, kafin azahar tana shan shayi da uwarta. Matan ƙauye suka yi ta yi mata dariya saboda harshenta, don Kirgizancinta laushi gare shi, kamar an jiƙa shi da ruwan zuma. Wadda ta fi kowa tsokanar ta ita ce Burul, maƙwabciyarta ta bayan katanga, mai awaki marasa kunya da baki kamar reza. A bayan gidansu akwai wani tudu mai tsakuwa da ba wanda ya damu da shi. Ita da Ergesh suka tsince duwatsun, suka janyo ruwa daga magudana, suka dasa itatuwan uruk, masu ƙananan 'ya'ya ruwan ɗorawa masu zaƙi. Ergesh yana kan hanya kullum, saboda haka ita ta yi renonsu, ita ta yi ta korar awakin Burul. In bazara ta kama sai tudun ya yi fari fat da fure, in rani ya yi sai rufin ɗaki ya cika da 'ya'yan uruk da aka shanya, gari duk ya ɗauki ƙanshi.

Ranar da aka faɗa a rediyo cewa babbar ƙasa ta watse, tana manna gurasa a tanderu. Ta saurara, ta leƙa waje, ta ga duwatsu suna nan inda suke, ta koma kan gurasarta. An daɗe ba a ga wani canji ba. Sannan aka gitta wani ƙarfe a hanyar Margilan, aka ce iyaka ce, aka sa yara masu kaki su tsaya a gefensa. Bayan ƙarfe aka kawo waya, bayan waya aka haƙa rami. Bas ɗin safe ya daina zuwa. A farkon lamarin ta je ta karɓo fasfo na can, tunda can aka haife ta. Ya yi shekarunsa ya mutu a cikin sunduki, tana ta cewa gobe, gobe. Sai aka wayi gari can ba ta da hanyar shiga, nan kuma ba a lissafa ta cikin 'yan gida.

Uwarta ta rasu a wata kaka da aka rufe iyaka ruf. Ƙanwarta Mastura ce ta bugo waya. Ergesh ya ɗauke ta a mota har bakin waya, ya roƙa, ya yi faɗa, ya koma ya roƙa, ba a buɗe ba. Sanobar ta buɗe ƙofar motar. Ta sauka ta zauna a bakin magudanar da ke ratsa iyakar, tana kallon ruwan yana wucewa ta ƙarƙashin waya ba mai tambayar sa takarda. Ta yi wa uwarta addu'a a nan, ta wanke fuskarta, suka juyo. Tun daga lokacin tafiye-tafiyenta na tsaye suka ƙara tsawo. Wani lokaci a barcin rana sai ta ga uwarta tana tsaye a ƙetaren magudana tana miƙo mata ƙwaryar shayi, hannun bai isa ba, ruwan kuma faɗinsa bai fi taku ɗaya ba.

Daga baya, bayan jele mai yawa, aka ba ta takardar zaman dindindin. Da ita tana iya zuwa asibiti, ba wanda zai tare ta a hanya. Amma ranar zaɓe ita ke zama da jikoki in kowa ya tafi, kuma gona ba ta yiwuwa a rubuta da sunanta. Ita abin bai dame ta ba. Takan ce ai baƙo raɓa ne, sai dai ita raɓarta ta ƙi bushewa. Ergesh ne abin ke ci. Ƙurar kwal ta zauna masa a ƙirji, ya ajiye tuƙi, yana wuni a gadon katako na tsakar gida yana tari. Ɗansu Aibek yana aikin gini a Rasha, 'ya'yansu mata suna gidajen mazajensu. Ergesh ya ce yaran kirki ne duka, amma itatuwan nan wadda ta yi renonsu ita ya kamata su amsa sunanta. Sanobar takan ce masa, baban Aibek, ya sha shayinsa, itace ba ya karatu.

Ana nan sai wata bazara labari ya zo cewa wata lauya daga birnin Osh za ta zauna a farfajiyar makaranta, tana duba takardun masu neman zama 'yan ƙasa, kuma kyauta. Sunanta Nurzat. Ƙaramar mace ce mai gilashi, ta zo cikin wata tsohuwar mota da sai an tura ta take tashi, takalmanta duk laka. Ashe matan da aka auro daga ƙetare suna da yawa a ƙauyukan nan, kowace ta zo da ƙunshinta a cikin ɗan kwali. Sanobar ba neman komai ta je ba. Shayi da busasshen uruk ta kai wa baƙuwa, don a ganinta abin kunya ne mutum ya wuni a garinku bakinsa a bushe. Tana ajiyewa za ta juya, sai Burul ta ɗaga murya daga cikin taro.

"Kizim, 'yata, riƙe wannan, kar ki bari ta gudu. Ita ce babbarsu. Tun kafin a haife ki take baƙunta a nan, ta cinye mana gari."

Mata suka kwashe da dariya. Nurzat ta tashi ta ba Sanobar kujerarta, ta kira ta apa, wato inna, ta zuba mata shayin da ita kanta ta kawo. Ba ta fara da takarda ba. Ta tambaye ta wane ne ya saƙa ɗan kwalin da ke kanta. Kafin Sanobar ta ankara ta ba ta labarin unguwar marina, da motar kwal, da bakin waya. Nurzat ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ai maganarta mai sauƙi ce a doka: ta daɗe da zama, mijinta ɗan ƙasa, 'ya'yanta 'yan ƙasa, harshe kuma ga shi tana yi. Burul ta ce wannan harshen dai a yi haƙuri da shi.

Ba ta zo da sauƙin da aka zata ba. Da aka baje takardun a kan tabarma, sai ga shi kowane magatakarda ya rubuta sunanta yadda kunnensa ya jiye masa. A takardar haihuwa Sanobar ce, a ta aure Sanavar, a ta zama kuma an canja wa sunan ubanta harafi. Nurzat ta ce a idon ofis waɗannan mata daban-daban ne, sai alƙali ya tabbatar da cewa mutum ɗaya ce. Sanobar ta daɗe tana juya maganar. A hanyar gida ta yi ta tunanin sauran matan, ko ina suke, ko wata daga cikinsu ba ta taɓa barin Margilan ba, tana can har yanzu ƙarƙashin zaruruwa.

Nurzat ta rubuta ƙarar, ta nemo tsoffin rajistoci, ta yi ta kai-komo tsakanin ƙauyen da gunduma. Ranar shiga kotu aka buƙaci mai shaida, wanda ba dangi ba. Burul ta sa rigarta ta biki da lambar yabonta da gwamnati ke ba uwa mai 'ya'ya da yawa, ta shige gaban mota ba wanda ya gayyace ta gaba. Alƙalin matashi ne, ga alama ya gaji. Ya tambaye ta ko ta san wannan matar, ko kuma tana da tabbacin ita ce mai waɗannan sunaye duka.

"Ɗana, tun ina da haƙorana nake faɗa da matar nan a kan awaki," in ji Burul. "Ita kaɗai ce. Da su uku ne da tuni na bar garin."

Alƙali ya sunkuyar da kai yana gyara takardu, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. Aka yanke hukunci cewa Sanobar ɗaya ce. A hanyar dawowa Burul ta yi barci a kafaɗarta, bakinta a buɗe.

Saura abu ɗaya. Nurzat ta yi mata bayani cewa sai ta sa hannu a takardar da ke cewa ta saki ƙasar haihuwarta, a aika ofishin jakadancinsu, kafin a miƙa buƙatarta sama. Sanobar ta karɓi takardar ta ce za ta duba. Ta sa ta a ƙarƙashin katifun da ke jere bisa sunduki, ta ci gaba da harkokinta. Aka tsinke uruk, aka shanya, aka kwashe. Ganye ya zube. Nurzat ta bugo waya, Sanobar ta ce idonta ne ke ciwo. Ta sake bugowa, ta ce alƙalami ne babu. Ergesh ya yi fushi, ya ce yarinyar mutane ta kashe takalmanta a kansu, ita kuma ta zauna tana kallon gajimare. Ƙanƙara ta sauko ta rufe tudun, gari ya yi tsit, ita kuma ta yi ta zama a bakin taga tana tsefe ulu.

Da tsakiyar hunturu sai ga Nurzat da kanta, a ƙafa, motar ta maƙale a gangare. Aka cire mata takalma, aka zaunar da ita kusa da murhu, aka ba ta romo mai zafi. Ta ci, ta yi hira da Ergesh kan hanyoyin da ya bi a zamaninsa, ba ta ambaci takarda ba. Sai da Ergesh ya fita duba tumaki, Sanobar ta ce, idonta a kan ulun da ke cinyarta:

"Kizim, ban je na rufe uwata ba. Yanzu kuma in rubuta da hannuna cewa ba ni da alaƙa da ƙasar da take kwance a ciki?"

Nurzat ta cire gilashinta ta goge. Ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, takardar tana nufin abin da ta ce, kuma in an sa hannu komawa baya yana da wuya. Ta ce in Sanobar ta zaɓi ta zauna yadda take, ba laifi ta yi ba, kuma ba wanda zai kore ta.

"Amma apa, ki duba wani abu," ta ce. "Yanzu da ba ki sake su ba, kin iya zuwa wurinta? In kika samu fasfon nan, ta ƙofa za ki shiga, a buga miki hatimi, ki je ki zauna a gabanta duk tsawon da kike so."

Sanobar ta tambaya ko a takardar akwai inda aka ce ta daina zama 'yar Usta Holmat. Nurzat ta ce babu, sunansa ma yana nan manne da nata, kuma yanzu an gyara harafin. Ba a ranar ta sa hannu ba. Nurzat ta tafi, Ergesh ya tara maza suka tura mata mota. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Sanobar ta yi alwala, ta ciro takardar, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, ta ba mai kai saƙo.

Daga nan sai jira. Aka kira ta gunduma aka yi mata tambayoyi da Kirgizanci, ta amsa da laushin harshenta, jami'ar ta ce kakarta ma haka take magana. Aka ɗauki hotonta, aka ce ta buɗe ido sosai, ta kalli nan, ba sama ba. Furen uruk ya fito ya zube, ya sake fitowa. Ergesh ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, amma kullum in ya ji ƙarar mota sai ya ɗaga kai. Yakan ce shi ba inda za shi sai ya ga ƙarshen abin nan, ko mala'ikan mutuwa ya zo sai ya ba shi shayi ya jira.

Ya kuwa gani. Wata safiya Nurzat ta bugo, ta ce sunan apa ya fito a jerin waɗanda aka amince da su. Ergesh ya sa farar hularsa mai tsini, ya rataya sanda, suka tafi gunduma tare. Da aka miƙo fasfon shi ya fara karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton bai yi kama da ita ba, wannan matar tana kallon mutane. A makon suka je aka rubuta tudun da sunanta. Da yamma aka dafa shinkafa da karas da naman rago a babbar tukunya, maƙwabta suka cika gida. Burul ta ce to yanzu tunda ta zama 'yar gari, sai a fara faɗan da gaske, da can ragowa take yi mata saboda baƙunta.

Da kaka suka ƙetara. Yaron da ke bakin iyaka ya duba fasfo, ya buga hatimi, ya ce a sauka lafiya, apa. Shi ke nan. Sanobar ta tsaya tana jiran saura, sai da Ergesh ya ja hannun rigarta. A cikin tasi ta yi ta kallon gonakin auduga suna wucewa, ba ta san ko a farke take ba. Margilan ta yi faɗi, an rushe wasu unguwanni, an yi tituna inda da lunguna ne. Direba ya tambaye ta hanya, ta rasa. Mastura ce ta fito bakin titi ta tare su, tsohuwa mai sanda, ga kamannin uwarsu sak a fuskarta. Suka daɗe riƙe da juna.

Gidan yana hannun ɗan Mastura, ya mai da shi shagon gyaran waya ta gaba, iyali a baya. Washegari aka kai ta maƙabarta. Ta zauna a gaban kabarin, ta cire ciyayin da suka fito, ta karanta abin da ta iya. Sannan ta shiga ba uwarta labari ƙasa-ƙasa, tun daga haihuwar jikokin da ba ta gani ba, har zuwa alƙali da Burul. Ergesh da Mastura suka koma inuwa suka bar ta. Rana ta yi sama, ta karkata. Da ta taso idonta a bushe yake, ta ce yunwa take ji. A daren ta ci abinci kamar ba ita ba.

Sun yi kwanaki, ana ta yawo da su gidajen dangi. Wata safiya ta ce wa Ergesh ya kamata su koma gida, an kusa sanyi, ba a rufe gindin ƙananan itatuwa ba. Mastura ta dube ta ta ce, yaya, gida kika ce? Sanobar ta yi dariya, ita ma sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Ergesh ya rasu a ƙarshen wannan hunturun, da rana tsaka, yana jingine da matashi, rediyo yana yi. Aibek ya zo daga Rasha, ya so ya tafi da ita birni, ta ce a'a. Tana nan a ƙauyen. Yanzu in Nurzat ta zo zagayenta a gidan Sanobar take sauka, can matan ke taruwa maimakon makaranta. Akwai masu jin tsoron ofis, akwai waɗanda surukai ke hana su fita, akwai wadda takardunta suka ƙone tare da ɗaki. Sanobar ba ta san doka ba, ba ta kuma ce ta sani ba. Nata shi ne ta dafa shayi, ta zauna kusa da mace ta riƙe mata jariri har a gama rubutu. In ranar kotu ta zo ba mai rakiya, sai ta ɗaura ɗan kwali ta shiga mota.

A bazarar da ta wuce wata yarinya 'yar Rishtan, can ƙetaren iyaka, da aka auro ƙauyen gaba, ta zo tun da sassafe ta same ta a tudu tana shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa. Yarinyar ta tsaya daga nesa tana murza bakin mayafi, ta ce an ce mata a nan ake tambaya. Sanobar ta ce lauya sai jibi, amma ta zo ta riƙe mata bokiti. Suka bi layin itatuwan tare, yarinyar tana magana, ita tana shafawa, har suka kai ƙarshen tudun.